Daga Byzantion zuwa Santambul: inda sunayen birnin Istanbul suka samo asali

Tambaya: "Na sha jin ana cewa asalin sunan Istanbul shi ne Islambul, wato birnin Musulunci, kuma Sarki Muhammadul Fatih ne ya raɗa masa. A littattafan Larabci kuma Ƙusɗanɗiniyya nake gani, a na boko Byzantium da Constantinople, tsofaffinmu kuwa Santambul suke cewa. Wanne ne na asali, kuma daga wane harshe kowanne ya fito?"

Amsa: Malam, duk sunayen da ka lissafa na gari guda ne, kuma in ka cire Islambul, sauran ta hanyar Girkanci da Latin suka ɓullo. Islambul suna ne da aka yi amfani da shi da gaske, har a kan kuɗi an buga shi, sai dai shi ne ƙaramin cikinsu. Istanbul ya girme shi da kusan shekara 500. Ga yadda abin yake bi da bi.

Sunan da ya fi tsufa a rubuce shi ne Byzantion. Girkawan birnin Megara ne suka tsallako suka kafa garin a bakin mashigin Bosforus, ta ɓangaren Turai, a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shekarar da aka saba ambata ita ce 667. Kafin nan 'yan'uwansu sun riga sun kafa Kalkedon a tsallaken ruwa ta ɓangaren Asiya, inda unguwar Kadikoy take a yau. Masanin tarihi Herodotus ya ce shekara 17 ce tsakanin kafa garuruwan biyu, ya kuma kawo maganar wani kwamandan Farisa mai suna Megabazus da ya ce mutanen Kalkedon makafi ne, tunda ga wuri mai kyau a gabansu suka bar shi suka zauna a maras kyau. Girkawa sun ce sunan ya fito ne daga Byzas, jagoran da ya kawo su. A nan sai a yi hattara. Al'adar Girkawa ce in suka tarar da sunan gari da ba su gane ma'anarsa ba, su ƙirƙiro wani jarumi su ce shi ya kafa garin. Tushen "Byz" ba shi da ma'ana a Girkanci, kuma masana harshe sun fi karkata ga cewa sunan mutum ne a harshen Tirakiyawa, mazauna yankin tun kafin Girkawa su iso. Abin da yake na Girkanci tsantsa shi ne wutsiyar "-ion", wadda ake liƙa wa suna don a nuna wuri.

Da Rumawa suka mallaki yankin, ba su sauya sunan ba, sun dai sa masa rigar Latin. Suna da ƙa'ida tsayayya ta ɗauko kalmomin Girkanci, kuma wanda ya riƙe ta zai warware sunaye da yawa da kansa. Wutsiyar "-ion" takan koma "-ium": Byzantion ya zama Byzantium, kamar yadda Ilion ya zama Ilium, stadion ya zama stadium. Wutsiyar "-os" takan koma "-us". Harafin k na Girkanci ana rubuta shi da c. Shi kuwa harafin y da kake gani a Byzantium, Rumawa sun aro shi ne musamman don rubuta wani wasalin Girkanci da babu shi a bakinsu, wasalin da ke tsakanin i da u, ana furta shi da tsuke leɓe. Saboda haka duk inda ka ga y a tsakiyar kalmar Latin, to akasari baƙuwa ce daga Girka. Daga baya Girkawa da kansu suka mayar da wannan wasali i, suka mayar da b ɗinsu v, shi ya sa Bagirken yau zai ce maka Vizantio.

Garin ya ci baƙar wuya a shekara ta 196 Miladiyya, lokacin da Sarki Septimius Severus ya rushe ganuwarsa don ya goyi bayan abokin hamayyarsa Pescennius Niger. Ya sake gina shi daga baya. Sunan Byzantion dai ya ci gaba da zama a bakin mutane.

Suna na biyu shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a cikinsa harsunan biyu suka haɗu. A shekara ta 324 Sarki Kustantin ya ci abokin sarautarsa Licinius da yaƙi a Chrysopolis, wato Uskudar ta yau, daular Rum gaba ɗaya ta dawo hannunsa. Ya zaɓi Byzantion ya faɗaɗa shi, aka yi bikin buɗe sabon birnin ran 11 ga Mayu, 330. Sunan sarkin na Latin ne tsantsa: Constantinus. Tushensa "constans", mai tsayuwa daram, wanda ba ya gezau. Kalmar ta haɗu ne daga "con", ɗafin ƙarfafawa, da "stare", tsayuwa. Sunan gida ne kuwa: mahaifinsa Constantius, 'ya'yansa maza da suka gaje shi Constantinus da Constantius da Constans. Ɗaya rabin kuma, "polis", Girkanci ne, ma'anarsa birni.

Yadda aka ɗaure rabi biyun nan ya bambanta tsakanin harsunan, kuma a nan ne masu kwafe ke yawan kuskure. Girkanci yana da li'irabi kamar Larabci, ƙarshen suna yakan sauya gwargwadon aikinsa a jimla. Sunan sarkin a Girkanci Konstantinos ne. In za a ce abu nasa ne, sai ya koma Konstantinou. Don haka "Konstantinou polis" daidai yake da yadda Bahaushe ke cewa Birnin Kebbi ko Birnin Gwari, wato Birnin Kustantin, sai dai su mai abu suke sa wa alama, mu kuwa abin da aka mallaka muke liƙa wa "-n". Da aka haɗe kalmomin sai ya zama Konstantinoupolis, ana furta "ou" ɗin kamar u. Latin kuma bai ɗauki wannan li'irabi ba, sai ya sa wasalin haɗi "o" ya rubuta Constantinopolis. To in ka ga "-oupolis" ka san rubutun Girka ne, in ka ga "-opolis" tare da C a farko ka san na Latin ne. Wanda ya rubuta K a farko ya ƙare da sigar Latin, ko ya rubuta C ya ƙare da "-oupolis", ya gauraya riguna biyu. Sigar Constantinople da ke littattafan boko kuwa ta biyo ta Faransanci ne, wanda ya gutsure "-opolis" ya mayar "-ople".

An kuma kira birnin Sabuwar Rum, Nova Roma a Latin, Nea Rome a Girkanci. Taron malaman coci da aka yi a birnin a shekara ta 381 ya ba limamin cocin birnin matsayi na biyu bayan na Rum, da hujjar cewa birnin Sabuwar Rum ne. Har yau shugaban cocin Otodoks da ke zaune a Istanbul yana ɗauke da wannan laƙabi a sunan sarautarsa. Wani abu da ya kamata ɗalibi ya riƙe: mutanen Daular Rum ta Gabas, wadda wannan birni ya zama gidan sarautarta, ba su taɓa kiran kansu 'yan Byzantium ba. Romaioi suke ce wa kansu, Rumawa, kuma su ne Rum ɗin da ke cikin Suratur Rum, sarkinsu Hiraƙla da ka sani a littattafan sira ya yi mulki daga 610 zuwa 641. Kiran daular da sunan Byzantium aikin malaman Turai ne bayan ta faɗi. Bajamushe Hieronymus Wolf ne ya buɗe ƙofar a 1557, da ya sa sunan a kan tarin rubuce-rubucen tarihinta da ya wallafa.

Yanzu ga Ƙusɗanɗiniyya. Larabawa sun ɗauki sunan sarkin kawai, suka yar da "polis", suka sa wutsiyarsu ta "-iyya", kamar yadda suka yi wa Iskandariyya daga Iskandar. Baƙaƙen ma ƙa'ida suka bi. K na Girkanci yakan zama ƙaf, t yakan zama ɗa mai hannu: Sokrates ya zama Suƙraɗ, Platon ya zama Aflaɗun, kanon ya zama ƙanun. Amma lura da wani abu. A sunan asali akwai n kafin s, "Konst-", a na Larabci babu, "Ƙusɗ-". Wannan ba kuskuren Larabawa ba ne. Rumawa da kansu ba sa furta n sosai in ya zo kafin s. Shaida ita ce a kan duwatsu suna taƙaita muƙamin consul da "cos", Italiyawa a yau Costantino suke cewa, Girkawa kuma in za su taƙaita sunan Kostas suke cewa. Larabawa abin da kunnensu ya ji suka rubuta. Daga gare su Turkawan Daular Usmaniyya suka karɓa suka ce Kostantiniyye, kuma wannan suna ya zauna a takardun fada da kan kuɗi har farkon ƙarni na 20. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa Muhammadul Fatih bai soke tsohon sunan ba da ya ci birnin ran 29 ga Mayu, 1453.

To Istanbul fa? Sunan Konstantinoupolis gaɓa shida ne, ba mai jan shi a kasuwa. Tunda kuwa babu birnin da ya kai shi a duniyar Girkawa, sai suka riƙa ce masa "he Polis", Birnin, shi ke nan. Ba baƙon abu ba ne. Rumawa Urbs suke ce wa Rum, wato birni. Yasriba ta zama Madinatun Nabiyyi, aka taƙaita ta koma Madina, wato birni. Mutumin Dawakin Kudu ma in ya ce zai shiga birni, ba wanda zai tambaye shi wane birni. Girkawa har gobe "i Poli" suke ce wa Istanbul.

Sunan wuri kuwa ba a cika jin sa tsirara ba. Abin da baƙo ke ji kullum shi ne amsar "ina za ka?" ko "ina yake?" A tsohon Girkanci amsar ita ce "eis ten polin": "eis" zuwa ko cikin, "ten" harafin fayyacewa irin "al" na Larabci, "polin" kuma "polis" ne da li'irabi ya sauya masa ƙarshe. Sauye-sauyen furuci guda huɗu suka bi ta kan wannan jimla, kuma kowanne an san shi a tarihin Girkanci ba a wannan suna kaɗai ba. Na farko, "ei" da dogon "e" duk sun koma i, jimlar ta zama "is tin polin". Na biyu, wasalin farko yakan faɗi a maganar yau da kullum, ta zama "stin polin". Na uku, n in ya haɗu da baƙin leɓe yakan koma m. Wanda ya yi tajwidi ya san wannan da sunan iƙlabi, inda "min ba'adi" ke zama "mim ba'adi", kuma Bahaushe ma yana rubuta "gidan Bala" ya furta "gidam Bala". Na huɗu, p in ya biyo bayan baƙin hanci a Girkanci yakan koma b. Sakamakon shi ne "stimbolin", ko "stimboli" in n na ƙarshe ya faɗi. Baƙo ya ji wannan ya ɗauka sunan garin ke nan.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga malaman Musulmi ta fito. Al-Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya rubuta a littafinsa At-Tanbih wal Ishraf cewa Rumawa Bulin suke ce wa birninsu, in kuma za su nuna girmansa a matsayin gidan sarauta sai su ce Istan Bulin, ba sa cewa Ƙusɗanɗiniyya, Larabawa ne ke kiran sa haka. Dubi yadda ya ajiye har da "-in" na ƙarshe, wato li'irabin "polin". Tsakanin rasuwarsa da cin birnin shekara 497 ne. Ibn Baɗɗuɗa ma, da ya shiga birnin a farkon shekarun 1330 lokacin birnin yana hannun Kiristoci, ya ce kashi biyu ne, ɗaya Asɗanbul ɗaya Galaɗa. Sunan da ake kira tun Turkawan Usmaniyya ba su kafu ba, ba zai yiwu a ce su suka raɗa shi ba.

Hujja ta biyu ita ce 'yan'uwa. Duk bayanin asalin suna da ya tsaya shi kaɗai, babu wani sunan da ya bi irin hanyarsa, abin tuhuma ne. Wannan kuwa yana da dangi. Nikaia ta zama Iznik daga "eis Nikaian". Nikomedeia ta zama Iznikmid, daga baya Izmit. Tsibirin Kos Turkawa Istankoy suke ce masa, daga "stin Ko". Amisos ta zama Samsun. Ta ɓangaren wutsiya kuma, "polis" ya bar sawunsa a gaɓar tekun Turkiyya: Kallipolis ta zama Gelibolu, Ionopolis ta zama Inebolu, Tripolis ta bakin Baƙin Teku ta zama Tirebolu. Larabci ma da ba shi da p haka ya yi: Neapolis, Sabon Birni, ta zama Nablus a Falasɗinu, Tripolis, Birane Uku, ta zama Ɗarabulus, wato Tarabulus ɗin da fataken Kano suka sani. Saboda haka "bul" na Istanbul da "bulus" na Tarabulus kalma ɗaya ce.

Wasalin i na farko yana iya zama ragowar "eis", amma ko da ya faɗi Turkanci zai mayar da shi, domin ba ya son fara kalma da baƙi biyu a jere. Shi ya sa "station" ta zama istasyon a bakinsu, Skoutarion, sunan da Chrysopolis ta samu daga baya, ta zama Uskudar. Hausa ma ba ta son wannan cunkoso, sai dai ita tsakiya take cusa wasalin, kamar a sitiyari da sikeli. Ta haka sigar Stambul, wadda Turawa da mutanen gabas suka daɗe suna amfani da ita, ta zama Santambul a bakin Bahaushe.

Akwai wuri guda da bayanin nan yake ɗan ɗingishi, kuma gaskiya ce a faɗe shi: "stin" ake tsammani, amma "stan" aka samu. Masana sun ba da amsa iri biyu. Wasu sun ce wasu karorin Girkanci "tan" suke cewa a maimakon "tin". Wasu sun ce bakin masu aro ne ya jawo wasalin baya don ya dace da u na gaɓar ƙarshe, abin da Turkanci ke yi a kai a kai. Wannan gurbi ne ya sa wasu suka kawo wani ra'ayi dabam, cewa Istanbul gutsuren Konstantinoupolis ne: a yar da "Kon", a riƙe "stan", a yar da "tinou", a riƙe "pol". A ido yana da kyau, kuma yana warware matsalar wasalin nan take. Amma a ganina bai kai na farko ƙarfi ba. Muna da misalin yadda Turkawa suka gutsure suna mai irin wannan gini: Hadrianoupolis, Birnin Sarki Hadriyan, ya zama Edirne. Kai aka riƙe, aka yar da wutsiya. Ra'ayin gutsure yana bukatar a yar da kai da ciki a lokaci guda, sannan ba ya bayyana dalilin da ya sa al-Mas'udi ya ji Bulin ita kaɗai a matsayin suna. Abin da za a iya yarda da shi shi ne tsohon sunan, da "stan" ɗinsa da kowa ya sani, ya taimaka wajen jan wasalin.

Islambul kuwa, ko Islambol yadda Turkawa ke rubutawa, wasa da kalma ne da ya bayyana bayan 1453. "Bol" a Turkanci yalwa ne, sai ya ba da ma'anar wurin da Musulunci ya yalwata. Matafiyi Evliya Celebi ya yi amfani da shi a ƙarni na 17, a ƙarni na 18 kuma an buga shi a kan kuɗin wasu sarakuna. Hanyar da ya bi sananniya ce: mutane su tarar da suna da ba ya nufin komai a harshensu, su ɗan lanƙwasa shi har ya ba da ma'ana mai daɗi, jikoki su taso su ɗauka lanƙwasasshen ne na asali. Gwajin mai sauƙi ne. Wane ne ya fara bayyana a rubuce? Sannan shin akwai ƙa'idar furuci da za ta mayar da "sl" ya koma "st"? Babu ita a Turkanci, kuma ba Musulmin da zai ɗauki suna mai kalmar Islam ya lalata shi ya koma abin da ba shi da ma'ana. Daga maras ma'ana zuwa mai ma'ana ake tafiya.

Haka nan masu cewa "stan" ɗin irin na Pakistan da Afganistan ne sun yi kuskure. Wancan ɗafin Farisanci ne mai nufin ƙasa ko wuri, kuma a ƙarshen kalma yake zama, ba a tsakiya ba. Abin dariyar shi ne "-stan" na Farisanci da "stare" na Latin, wanda ya haifi sunan Kustantin, kakansu ɗaya a can baya, tushe mai nufin tsayuwa. Dangantaka ce ta nesa, ba ta shafi sunan Istanbul ba.

A zamanin Usmaniyya sunaye da yawa sun zauna tare ba rigima. Fada tana rubuta Kostantiniyye, ko Dersaadet, Ƙofar Alheri, ko Asitane, Bakin Ƙofa, talaka kuma yana cewa Istanbul. Kundin tsarin mulkin daular na 1876 Istanbul ya kira babban birnin. Bayan an mayar da gwamnati Ankara a 1923, aka kuma koma rubutun boko a 1928, sai a 1930 Turkiyya ta nemi ƙasashen waje su daina rubuta Constantinople a kan wasiƙu. Abin da ya sauya a lokacin shi ne bakin baƙi, 'yan gari dama haka suke faɗa. A rubutun Turkanci I ɗin farko yana ɗauke da ɗigo a kansa ko da babban baƙi ne, domin suna da wani I maras ɗigo mai furuci dabam. Ana rubuta n, amma a baki m yake fita, iƙlabin nan dai.

In kana rubutu da Hausa, zamanin da kake magana a kai shi zai zaɓa maka suna. Kafin 330 ka ce Byzantion, ko Byzantium in daga majiyar Latin ka ɗauko. Daga 330 zuwa 1453 Ƙusɗanɗiniyya ya fi dacewa, don shi mai karatun Hausa ya sani daga hadisi da tarihi, daular kuma ka kira ta Daular Rum ta Gabas. Daga 1453 zuwa yau Istanbul ko Santambul duk daidai ne. Islambul kuma ka ajiye shi sai inda kake kawo abin da ke rubuce a kan wani kuɗi ko wata takarda da ta yi amfani da shi.